Amanar Lambar Sirri: Tsare Suna da Dukiya daga 'Yan Damfara a Ƙasar Batsari da Safana



Ina neman izinin wannan majalisa in yi magana a kan wata mas'ala wadda, ko da yake bankuna da kamfanonin waya suna aiko gargaɗi a kanta safe da maraice, kuma masana sun yi ta tattauna ta a birane, a ganina har yanzu ba a tsaya an dube ta da idon mutumin ƙauye ba. Watau mas'alar tsare sunan mutum da lambobinsa da ajiyarsa daga ɓarayin da ba sa haura katanga, ba sa fasa rumbu, sai dai su shigo masa ta wayar da ke cikin aljihunsa. Na zaɓi ƙasar Batsari da ta Safana, a yammacin Jihar Katsina, domin can na fi sani, kuma domin can ne abubuwa uku suka haɗu wuri guda: nisan banki, da ƙarancin karatun boko, da tashin hankalin da ya raba mutane da gidajensu.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa ɗaya ne. Gargaɗin nan da ake yi, cewa kada mutum ya gaya wa kowa lambar sirrinsa, gaskiya ne, babu mai jayayya da shi. Amma an gina shi ne a kan mutumin da ke karanta saƙonsa da kansa, yana riƙe da wayarsa dare da rana, banki kuma yana bayan gidansa. Manomin Wagini ko dattijuwar Runka kuwa, ba su da hanyar isa ga kuɗinsu sai ta hannun wani, ko mai POS, ko mai cajin waya, ko yaron shagon kwamfuta, ko ɗa, ko miji. Tun da haka ne, gyaran da za a yi lalle ya fara daga waɗannan hannuwa, a ɗora musu nauyin amana irin wanda shari'a da al'ada suka daɗe da ɗora wa duk wanda ya tsaya tsakanin mutum da dukiyarsa.

Yadda aka san mutum a da

Ƙasar Batsari tana ƙarƙashin Sarkin Ruma, ta Safana kuwa ƙarƙashin Yariman Katsina, dukansu biyu sun jingina da dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara, kuma su da Ɗanmusa ne suka haɗa mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000, galibinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwar ƙauye. A irin wannan ƙasa, kafin zuwan lamba, ana sanin mutum ne da ubansa, da garinsu, da tsagar fuskarsa, da sana'ar gidansu. Idan kuwa baƙo ne, to, ana saninsa da mai masaukinsa. Wanda ya kawo sa kasuwa ba ya sayar da shi sai ta hannun dillali, dillalin nan kuwa la'adar da yake karɓa ba ladan ciniki kaɗai ba ce, har da ladan tsayawa, domin in ta bayyana daga baya cewa dabbar ta sata ce, wuyansa za a fara kamawa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan bashi ba tare da takarda ba, saboda maigidan da ya saukar da falke shi ne lamunin kuɗinsa. Polly Hill kuma, wadda ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, ta fitar da littafinta a 1972, ta bayyana irin cinikin da matan kulle ke yi a cikin gida da jarinsu na kansu, wanda ba ya cuɗanya da aljihun miji.

Fa'idar da na ciro daga nan ita ce, Bahaushe bai taɓa ƙyamar mai shiga tsakani ba, hasali ma a kansa ya gina kasuwarsa. Sai dai bai taɓa yarda da mai shiga tsakanin da ba shi da wuyan kamawa ba. Wannan sharaɗi shi ne ya faɗi a hanya sa'ad da kuɗi suka koma cikin waya.

Yadda lambobi suka ɗaure juna

Ran 14 ga Fabrairu 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, mai alƙaluma 11, wadda aka ɗaura da zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa, domin ya zama sunansa ɗaya ne a dukan bankuna. Hukumar NIMC, wadda dokar 2007 ta kafa, ita kuma tana ba da lambar ɗan ƙasa, NIN, ita ma mai alƙaluma 11. A Disambar 2020, zamanin da Isa Ali Ibrahim Pantami yake Ministan Sadarwa, aka ba da umurnin a haɗa kowane layin waya da NIN, babbar hujjar kuwa ita ce tsaro, watau a gane masu kiran waya suna neman kuɗin fansa. A Afrilun 2022 aka toshe kira daga layukan da ba a haɗa ba. Sa'an nan a Disambar 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai an ɗaura shi da BVN ko NIN. A wannan lokaci masu NIN sun haura miliyan 100, masu BVN kuma sun kai wajen miliyan 60. Niyyar duk mai kyau ce, ban kuwa zo nan domin in soke ta ba. Amma sakamakonta shi ne, layin waya da lambar ɗan ƙasa da lambar banki sun zama ƙulli uku a igiya ɗaya, wanda ya kama ɗaya ya sami bakin zaren sauran, mafi raunin ukun kuwa, wato ɗan guntun sim ɗin da bai kai farce ba, shi ne aka mai da mabuɗin ɗakin.

Abubuwa biyu suka tura mutanen ƙasarmu cikin wannan tsari ba da shiri ba. Na farko, a ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe waɗansu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, a Satumba kuma aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, bai dawo ba sai bayan watanni. Cikin watannin nan na ga da idona yadda mutum zai naɗe katinsa na cirar kuɗi a takarda, ya rubuta lambar sirri a jikin takardar, ya ba direban da zai shiga Katsina ya ciro masa. Ba shi kuwa da hanyar ganin alat, balle ya san nawa aka cira. Galibin direbobin nan sun riƙe amana, Allah ya saka musu da alheri. Amma al'adar ta zauna, mutane suka saba da cewa lambar sirri abu ce da ake aikawa da ita kamar saƙon goro. Na biyu, a Oktoban 2022 Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka shiga ƙuncin kuɗi a farkon 2023 wanda bai sassauta ba sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ran 3 ga Maris. A watannin nan, wanda ya kai akuya ko buhun gero kasuwa, in bai karɓi taransfa ba sai ya koma da kayansa. Wanda ba shi da asusu ya ari na maƙwabci, ko aka buɗe masa ɗaya a tsaye a gindin lemar mai POS, da lambar wayar da ba lalle tasa ba ce. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na manyan Nijeriya ba su da hulɗa da kowace irin ma'ajiyar kuɗi, alhali a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Ma'anar wannan ita ce, da yawa daga waɗanda suka shigo, sababbin shiga ne, ba su gaji sanin abin daga iyayensu ba, ba su kuma da wani babba a gida da za su tambaya.

Ƙofofin da ɓarawo ke shiga

Ƙofa ta farko ita ce gindin lemar nan. Dattijo ya miƙa kati, yaro ya ce, "Baba, sa lambarka," shi kuwa idonsa ba ya ganin maɓallan, ko kuma yana tsoron ya yi kuskure na'ura ta riƙe masa kuɗi, sai ya ce, "Ɗana, danna mini," ya faɗi alƙaluman huɗu da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Daga nan abin da zai biyo baya ya rataya ga tsoron Allah na wanda ya ji: ana iya cire fiye da abin da ya nema, ana iya ce masa sabis ya ƙi alhali kuɗin sun fita, ana iya musanya masa katin da wani mataccen kati mai launi ɗaya. Wajibi ne in faɗa a nan cewa mafi yawan masu wannan sana'a 'ya'yanmu ne masu neman halali, kuma ba domin su ba da ciniki ya tsaya cak a garuruwan da mai neman reshen banki sai ya nufi Katsina ko Dutsin-Ma, a kan hanyar da ba kullum take da aminci ba. Aibin yana ga tsarin da ya bar mai gaskiya da maha'inci a ƙarƙashin lema iri ɗaya, ba tare da wata alama da dattijon zai rarrabe su da ita ba.

Ƙofa ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ba ta bukatar kati ko kaɗan. Inda wutar lantarki ba ta zuwa, waya takan wuni a shagon mai caji, cikin ɗaruruwan 'yan'uwanta, a hannun yaran shago. A ranar kasuwa kuma 'yan sane sun fi son ƙaramar waya mai maɓalli a kan babba, saboda ita ce galibi ba ta da makulli. Wanda ya sami sim ɗin mutum, in ya danna *565*0# sai BVN ɗinsa ta fito, in ya danna *346# sai NIN ta fito, tsofaffin saƙonnin alat kuma su gaya masa bankin da mai layin ke ajiya da abin da ya rage a ciki. Waɗannan lambobi an yi su ne domin sauƙaƙa wa mai mantuwa, sai sauƙin ya zama na ɓarawo. Da su yakan yi ƙoƙarin buɗe hanyar tura kuɗi ta waya, ko ya ci bashi a manhajojin ba da rance da sunan mai layin, duk lambar tabbatarwa da banki zai aiko kuwa a hannunsa za ta sauka. Mai waya yana can yana jimamin naira dubu goma da ya saya ta, yana cewa sai ranar kasuwa mai zuwa zai je a yi masa walkambak, bai san cewa kwana bakwai ɗin nan sun ishi a share kuɗin amfanin gonarsa na shekara ba. Maganin wannan kuwa yana cikin wayar kanta, kyauta: kowane sim ana iya sa masa lambar kulle tasa, ta yadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai buɗe ba. Ban san wani abu mai arha da ya kai wannan amfani ba, ban kuma san wani da aka yi sakacin koyar da shi kamarsa ba.

Ta uku ita ce kiran waya. A da mukan ce ɗan damfara baƙo ne mai Turanci, sai aka wayi gari mai kiran yana sallama da Hausa tsantsa, yana gaida mutum da gajiya da iyali, ya kira shi da cikakken sunansa, ya faɗi ranar haihuwarsa, sa'an nan ya ce daga banki ne, za a rufe asusunsa yau in bai karanto lambar da aka aiko masa yanzu ba. Mutumin da aka tarbiyyantar a kan cewa wanda ya san sunan ubanka ba baƙo ba ne, yaya za a yi ya ƙi? Tambayar da ta kamata ita ce inda mai kiran ya sami sunan. A Maris na 2024 'yan jaridar FIJ suka fallasa wani shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane, a Yunin shekarar kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin da ke sayar da su a kan naira 100. Saboda haka idan an zargi talaka da sakaci, a tuna cewa sau da yawa bangon ya tsage ne tun daga sama, shi dai ƙadangaren ne ya iske a ɗakinsa. Ƙa'idar da za a koya masa gajeriya ce: banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri ko lambar da ya aiko masa, duk wanda ya tambaya kuwa, ko ya san sunan kakansa, a kashe wayar.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta fi ci mini rai, ita ce ta tallafi. Tun daga N-Power a 2016, da rancen korona na 2020, har zuwa naira 25,000 da Gwamnatin Tarayya ta yi shela a Oktoban 2023 cewa za ta ba gidaje miliyan 15 na wata uku, mutane sun koyi cewa taimakon hukuma yana zuwa ne ta hanyar rubuta suna da lamba. A ƙasar da dubban mutane suka bar ƙauyukansu suka taru a garin Batsari da makamantansa, duk wanda ya zo da littafi da biro da riga mai tambari, ya ce ana rubuta 'yan gudun hijira, layi zai kafu a gabansa kafin ya zauna, kowa riƙe da takardar NIN ɗinsa. Babu mai tambayarsa wa ya aiko shi, domin mai jin yunwa yana tsoron tambaya ta sa a tsallake sunansa. Haka kuma saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, masu cewa a latsa nan a cike fom. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasa waɗanda sana'arsu ita ce sayen NIN da BVN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan wajen 5,000, a buɗe asusu da su domin wucewar kuɗin zamba. Wanda ya sayar yana ganin bai rabu da komai ba, tun da takardarsa tana hannunsa kuma asusunsa ba ko kwabo. Alhali abin da ya sayar shi ne wuyansa. Ranar da aka bi sawun kuɗin, ko aka bi layin da aka yi wa rajista da lambarsa aka kira iyalan wanda aka sace da shi, sunansa da hotonsa ne za su fito, mai sojan gona kuwa ya daɗe da jefar da sim ɗin. A ƙasar da zargin zama ɗan leƙen asirin ɓarayin daji yake iya cin ran mutum kafin a kai ga alƙali, wannan ba ƙaramar musiba ba ce.

Doka da fiƙihu

Dokoki akwai su. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta yi tanadi a sashe na 22 a kan satar suna da sojan gona, har da ɗaurin shekara 7 ko tarar naira miliyan 5 ga ma'aikacin ma'ajiyar kuɗi da ya yi amfani da sanin da aikinsa ya ba shi ya ci amana. Dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da ita cikin awa 72 in an fasa rumbunsa, ta kuma yanka tara mai nauyi. A 2024 an umurci masu POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni. Wanda aka cuta yana da haƙƙin kai ƙara bankinsa, in bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Sai dai duk waɗannan ƙofofi da rubutu ake ƙwanƙwasa su, da Turanci, galibi ta intanet. Matar da aka cire wa naira 40,000 na adashinta a wani ƙauyen Safana, kuɗin mota da na masauki da na mai rubuta mata takarda sun kusa cinye abin da take nema, saboda haka sai ta ce ta bar wa Allah. Barin nan kuwa, ko da yake ladansa yana wurin Ubangiji, shi ne jarin ɗan damfara, domin ya san ba za a biyo shi ba.

A nan ne nake ganin fiƙihunmu yana da abin cewa wanda ba a nema ba. Malaman usulu, tun daga Imamu Gazali har zuwa Shaɗibi, sun lissafa tsare dukiya cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, waɗansu kuma suka ƙara da tsare mutunci. Satar suna kuwa ta haɗa ɓarna biyun a aiki ɗaya. Asali a babin wadi'a, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ta'addi. Amma mazhabar Malikiyya ta fitar da masu sana'a daga wannan asali: tela da marini da maƙeri, waɗanda suka kafa kansu domin jama'a, suna lamunin abin da aka ba su suka ɓoyu da shi daga idon mai shi, sai fa in hujja ta tsayu cewa ya halaka ba da laifinsu ba. Hukuncin yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren karatu a ƙasar Katsina da ba a karanta ta, Shaɗibi kuma ya kawo shi a matsayin misalin maslaha, da dalilin cewa mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, ba sa kuma iya tsayawa a kansu, in da za a gaskata kowane mai sana'a da bakinsa da dukiyoyi sun salwanta. Ina roƙon malamaina su duba, ashe wannan illa ba ita ce ainihin halin mai POS da yaron shagon da ke yi wa mutane rajista ba? Ya kafa kansa domin jama'a, yana karɓar lada, mutane ba su da makawa sai shi, abin da yake yi a fuskar na'ura kuma ɓoyayye ne ga wanda ba ya karatu ko da yana tsaye a gabansa. Ban jahilci cewa ƙiyasin yana da wurin tuntuɓe ba, domin Risalar nan ita ce kuma ta ɗauke lamuni daga mai gidan wanka, ana kuwa iya cewa mai cajin waya ya fi kama da shi, tun da tsaro kawai yake yi, ba ya aiki a cikin abin da aka ba shi. Ana iya cewa kuma lamba ba dukiya ba ce a zatinta. Amsata ita ce mabuɗi ma ba dukiya ba ne, amma wanda aka ba ajiyar mabuɗi ya bari aka kwafe shi, babu alƙalin da zai ce bai yi sakaci ba. Tarjihi dai na ma'abota fanni ne, ni nawa in ajiye tambayar a gabansu.

Idan an karɓi wannan asali, abin da zai biyo baya ba ya bukatar jiran Abuja. Rajistar kamfani ba ta sa mutumin Ruma ya san wanda ke ƙarƙashin lema. Abin da zai sa ya san shi shi ne a ce babu mai kafa na'ura a kasuwa sai sarkin kasuwa da mai unguwa sun san gidansu, kuma wani sananne ya tsaya masa, kamar yadda ake yi wa dillalin shanu. A sharɗanta masa ya juya na'urar ga mai kuɗi ya danna da hannunsa, in ba ya gani ya zo da nasa. Ya ba da rasit ko an nema ko ba a nema ba. Ya karanta abin da ya fita da abin da ya rage da murya. In gardama ta tashi, shi za a nema ya kawo hujja, tun da shi ne mai littafi. Daular Sakkwato ta san ofishin muhtasibi mai duba mudu da sikeli, Jihar Katsina kuma tana da hukumar Hisba a yau. Ina ganin duba na'urar mai POS ya fi kusa da asalin aikin hisba fiye da abubuwa da dama. Haka kuma kada a bar kowa ya rubuta suna da lambar mutane da sunan tallafi sai dagaci ya ga takardarsa, an kuma yi shela a masallaci. Game da mata, abin da Polly Hill ta gani a Batagarawa yana nan, shari'a ma ta tabbatar wa mace mallakar dukiyarta. Amma asusun da aka buɗe da sunanta a kan layin mijinta ko na ƙanenta, sunan ne kawai nata. Malaman Islamiyyun matan aure su ne suka fi kowa damar gyara wannan, su koya wa kowace ɗaliba ta mallaki layinta, ta kulle sim ɗinta, kada kuma ta sa shekarar haihuwarta ta zama lambar sirri.

Saura mas'ala ɗaya, wadda halin ƙasarmu ya sa ta fi tsanani a wurinmu, ita ce ta layin mamaci da na wanda ya gudu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari a hari guda, irin wannan kuwa ya auku a wurare da yawa kafin nan da bayan nan. Mutum yakan rasu, ko wayarsa ta tafi a hannun maharan, ko ta ƙone tare da ɗaki. Layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kuwa kamfani yana da ikon ya janye shi ya sayar wa wani, alhali banki yana nan yana aika alat da lambobin tabbatarwa zuwa gare shi, domin babu wanda ya je ya shaida masa. Ta haka baƙon da ke wata jiha yakan wayi gari da mabuɗin dukiyar marayu a hannunsa, magada kuwa ba su ma san akwai asusun ba, tun da marigayin, bisa ga gargaɗin da aka yi masa, bai gaya wa kowa ba. Masu rabon gado a wurinmu sun saba lissafa gona da gida da dabbobi da tufafi da bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi. Ina ba da shawara ga alƙalan kotunan shari'a da limaman da ake kira rabo, su ƙara tambaya biyu a kan waɗanda suka saba yi tun ranar sadakar uku: ina layin wayarsa, kuma a wane banki yake ajiya? In layin yana nan, a damƙa shi ga wasiyyi ko babban magaji a gaban shaidu biyu, a riƙa sa masa kati kada ya mutu. In ya ɓace, a tura wani da takardar dagaci da shaidar rasuwa ya sanar da banki a dakatar da asusun, har ranar da za a zauna rabo.